Da gaske ne an rataye mutum a Ostareliya saboda man shanu da wake?

Wani ɗan'uwa mai karatun tarihi ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice: "Malam, a aji an ce mana da fursunoni Ingila ta kafa Ostareliya, kuma a farkon zamansu har rataye mutum ake yi a kan satar abinci. Ni a ganina hali zanen dutse ne. An kwashi ɓarayi an zube su wuri guda, me ake jira in ba sata ba? Ko akwai abin da ban gano ba?"

Ɗan'uwa, abin da aka faɗa muku a aji gaskiya ne. Ranar 27 ga Fabrairu 1788, wata ɗaya kacal da saukarsu a gaɓar da ta zama birnin Sidni, aka gurfanar da wani fursuna mai suna Thomas Barrett kan satar man shanu da busasshen wake da naman alade daga siton gwamnati. A ranar aka yi shari'a, a ranar aka yanke hukunci, da yammacinta kuma aka rataye shi a reshen bishiya. Shi ne mutum na farko da dokar Ingila ta kashe a wannan ƙasa. Inda zan saɓa da kai shi ne batun hali zanen dutse. Na daɗe ina koyar da tarihin wannan zamani, kuma duk sanda na koma kan abin da jami'an wurin suka rubuta da hannunsu, sai in ga maganar ta fi haka faɗi, ta kuma fi haka ciwo.

Ka fara gane irin zaman. Turawan da kakanninmu suka sani a Arewa, su Razdan da Di'o, ma'aikata ne, su cika wa'adinsu su koma gida. Waɗannan kuwa 'yan kama-wuri-zauna ne, an kai su don su yi noma, su hayayyafa, a binne su a can. Jirage 11 suka tashi daga Portsmouth a watan Mayu 1787 ƙarƙashin Gwamna Arthur Phillip, suka yi wata takwas a ruwa, ɗauke da mutum sama da dubu. Fiye da 700 daga cikinsu fursunoni ne, saura sojojin ruwa da matuƙa da jami'ai da wasu iyalansu. A da Amurka Ingila ke zubar da masu laifinta. Da Amurka ta ƙwaci 'yancinta sai ƙofa ta rufe, gidajen yari suka cika, har tsofaffin jiragen ruwa aka mayar kurkuku a kogin Thames.

Su wane ne ɓarayin? Akwai 'yan fashi a cikinsu, da masu fasa gida, da masu buga jabun kuɗi, ba zan wanke su ba. Shi kansa Barrett tun a cikin jirgi aka kama shi yana narka cokula da maɓallai yana ƙera kuɗin jabu. Amma akwai kuma John Hudson, yaro mai share bututun hayaƙi, wanda yana ɗan shekara 9 aka yanke masa hukunci a 1783 kan riga ɗaya da safa biyar da bindiga ƙarama da wasu tsummoki. Akwai tsohuwa Elizabeth Beckford da aka kora daga ƙasarta saboda laba 12 na cuku. Dokar Ingila ta wancan lokaci, duk abin da ya haura sule ɗaya babbar sata ce. Kayan sule 5 daga kanti, ko na sule 40 daga cikin gida, hukuncinsu kisa ne. Masu taya alƙali yanke hukunci sukan ji tausayi su ce kayan na sule 39 ne, ko da kowa ya san sun fi haka, don a kori mutum maimakon a rataye shi. Da irin wannan tausayin aka cika jiragen.

To, ga abin da nake so ka riƙe. A Landan, in an sace maka tukunya, ka je kasuwa ka sayi wata. A Sidni ta 1788 babu kasuwa, babu kanti, babu kuɗin da ke yawo a hannun jama'a. Duk abin da mutum zai ci ko ya sa ko ya yi aiki da shi, daga fulawa har allura, a sito ɗaya yake, kuma abin da aka zo da shi na shekara biyu ne. Ƙasar bakin tekun yashi ce da duwatsu, irin da aka shuka bai yi ba, 'yan shanun da aka sayo a hanya sun ɓace cikin daji tun watan Yuni 1788, ba a gan su ba sai 1795. Saboda haka kalmar "ƙaramar sata" ma ba ta da gurbi a wurin. Kotun farko ta zauna ranar 11 ga Fabrairu 1788, alƙalinta David Collins, soja ne da bai yi karatun shari'a ba, tare da hafsoshi shida. A ranar an hukunta Thomas Hill kan burodin kwabo biyu, aka kai shi wani tsibirin dutse a tsakiyar ruwa ya yi mako ɗaya cikin mari. An yanke wa William Cole bulala 50 kan katako biyu na kwabo goma, daga baya gwamna ya yafe masa. Magatakarda yana rubuta farashin Landan, kwabo biyu, kwabo goma, alhali a wurin da suke babu wanda zai sayar maka da wannan burodin ko nawa ka bayar, domin cikin wani ne aka ɗauke.

Ban ce yunwa ce ta sa Barrett sata ba. Lokacin da aka kama shi ana ba kowane namiji cikakken kaso a mako: laba 7 na burodi ko fulawa, laba 7 na naman shanu mai gishiri ko 4 na alade, da wake da ɗan man shanu. Mata kuma kashi biyu cikin uku na wannan. Phillip ya riga ya yi shela cewa wanda ya taɓa sito zai mutu, kuma da Barrett ya nuna da gaske yake. Abokan laifinsa biyu da aka kai har gindin bishiyar an ɗage musu, daga baya aka sassauta. Kwana kaɗan bayan haka wani James Freeman ya saci fulawa, aka ce ya zaɓa, ko igiya ko ya zama hauni. Ya zaɓi ya rayu.

Amma dubi wanda ya yi sata mafi tsari a shekarun farko. A watan Maris 1789 mai kula da sito ya zo da safe ya tarar da guntun makulli ya karye a cikin kwaɗo. Ya kai wa wani maƙeri fursuna, maƙerin ya gane aikin hannunsa, ya ce wani soja mai suna Joseph Hunt ne ya kawo masa ya gyara. Da aka matsa wa Hunt sai ya tona asiri don ya tsira da wuyansa. Ashe su bakwai ne, dukkansu sojojin ruwa, masu gadin siton. Sun yi watanni suna yi. Duk daren da gadi ya faɗo kan ɗayansu sai ya buɗe wa sauran, su kwashi fulawa da nama da barasa da taba, su mayar da kwaɗo kamar ba a taɓa ba. Da ɗan gari akan ci gari. Hafsoshinsu ne suka zauna suka yanke musu hukunci, aka rataye shida, kuma Watkin Tench, ɗaya daga cikin hafsoshin, ya rubuta cewa suna cikin mafi nagartar sojojin da suke da su. Waɗannan ba a kawo su cikin sarƙa ba, ɗan'uwa. Babu kotun Ingila da ta taɓa kiran su ɓarayi. Abin da suka samu shi ne makulli da duhun dare da sito cike a gabansu. In hali ne kaɗai, ina za mu sa su?

Sai kuma yunwar ta zo da gaske. Tun saukarsu babu jirgin da ya zo daga Ingila. Wanda aka turo da kaya, Guardian, ya yi karo da dutsen ƙanƙara a watan Disamba 1789, su kuwa ba su ma sani ba. A Nuwamba 1789 aka rage kason maza zuwa kashi biyu cikin uku. A Maris 1790 babban jirginsu Sirius, wanda ya taɓa zuwa Cape Town ya sayo musu fulawa, ya farfashe a tsibirin Norfolk. Daga Afrilu kason mutum a mako ya koma laba biyu da rabi na fulawa, laba biyu na shinkafa, laba biyu na naman alade da ya shekara uku a gishiri. Laba ɗaya ba ta kai rabin kilo ba, sai ka lissafa. Da farko ranar Asabar ake rabo, sai aka ga mutane suna cinye na mako a kwana uku ko huɗu, sauran kwanakin su shiga neman na wani. Aka mayar da rabo Laraba da Asabar, daga baya ma kullum. Wanda ya bar kasonsa a bukka ya tafi aiki, bukkar ta kara ce da yaɓe, ba ƙyaure ba kwaɗo. Wanda aka sace wa tukunya sai ya ba mai tukunya wani abu daga kasonsa kafin a dafa masa, ko ya tauni shinkafarsa ɗanya. Tench ya ce da idonsa ya ga mutum ya fito daga sito riƙe da kasonsa na ranar, yana tangaɗi, ya faɗi, aka kai shi asibiti ya cika, da likitoci suka duba suka ce yunwa ce.

A wannan hali lambu ya zama abin gadi dare da rana. Gwamnati ta sa ladan laba 60 na fulawa ga duk wanda ya kamo ɓarawon lambu, wato kason wata biyar da ɗoriya. Wani da aka kama yana tonon dankalin Turawa, kotu ta yanke masa bulala 300, a ɗaure shi da sarƙa tare da wasu biyu wata shida, a kuma hana shi fulawa wata shida. Ka ga an hukunta yunwa da ƙarin yunwa. Akwai kuma John Caesar, baƙar fata ɗan asalin Afirka, wanda jami'an suka shaida ya fi kowa ƙarfin aiki. Kason da ake ba shi daidai yake da na wanda bai kai rabinsa ba, Collins ya rubuta cewa yana iya cinye abincin kwana biyu a yini ɗaya. A 1789 ya ɗauki bindigar wani soja da tukunyar ƙarfe da abinci ya shiga daji. An kama shi, ya sake gudu, haka aka yi ta yi har 1796, lokacin da Gwamna John Hunter ya sa ladan galan biyar na barasa a kansa, wani ya harbe shi.

Duk sanda na iso nan a aji, sai in tuna wa ɗalibai abin da suka riga suka sani daga gida. Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar Ramada, shekarar fari da yunwa. Kuma Imamu Malik ya ruwaito labarin bayin Haɗibu da suka saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka, Umar ya gane cewa ubangidansu ne ke barin su da yunwa, ya ɗora masa biyan ninki biyu na kuɗinta, dirhami 800 maimakon 400. Wato ana tambayar wanda ya riƙe abincin kafin a tambayi wanda ya miƙa hannu. A Sidni wa za a tambaya? A gaskiya ba na ɗora wa Phillip wannan laifi. Ya ba soja da fursuna kaso ɗaya, abin da ya ɓata wa hafsoshinsa rai ƙwarai. Ya kwashi fulawarsa ta kansa, sama da laba 300, ya zuba a siton jama'a, kuma wanda ya gayyata cin abinci gidansa sai ya zo da burodinsa. Ubangidan da ya bar bayi da yunwa yana Landan, shi ya tura mutum dubu bangon duniya da gatura marasa kyau da manoma ƙalilan, ya yi kusan shekara biyu da rabi kafin jirginsa na farko, Lady Juliana, ya iso ranar 3 ga Yuni 1790. Shi kam babu kotun da ta kira shi.

Bayan abinci sai tufafi. Riga a wurin kuɗi ce, da ita ake sayen taba da barasa a hannun matuƙa. Ann Davis, mace ta farko da aka rataye, a Nuwamba 1789, kayan sawa ta kwasa daga gidan wani fursuna ɗan'uwanta. Hausawa na cewa sata a gidan ɓarawo rance ce, amma a can ba su ɗauke ta haka ba, domin yawancin waɗanda ake yi wa satar fursunonin ne. Shi ya sa wani fursuna, John Harris, ya kawo shawarar a kafa 'yan sintirin dare, aka kafa su a Agusta 1789, mutum 12, dukkansu fursunoni. Manjo Robert Ross, shugaban sojoji, ya tayar da jijiyar wuya a kan kada fursuna ya kama masa soja. James Ruse, wanda aka kawo kan fasa gida, shi ne ya fara ciyar da kansa daga gonarsa a Parramatta, yamma da Sidni, a 1791, kuma babban kukansa shi ne kusan kowane dare sai an shiga masa gona. Har ma shari'ar farko ta neman haƙƙi a ƙasar, a Yuli 1788, fursunoni biyu ne, Henry Kable da matarsa Susannah, suka kai ƙarar kyaftin ɗin jirgin Alexander kan ƙunshin kayansu da ya salwanta a hannunsa, kotu ta sa ya biya su fam 15. A Ingila mutumin da aka taɓa yanke wa hukuncin kisa ba ya da bakin kai ƙara. Mutumin da ya mallaki abu, ko da jiya ɓarawo ne, yau shi ke neman doka ta tsare masa.

Saura ɓangaren da ba a cika koyarwa ba, kuma shi ya fi damuna. Wurin da suka sauka ba kango ba ne, ƙasar mutanen Eora ce, masunta da suka yi dubban shekaru a wannan gaɓa. Al'adarsu ce su bar kwalekwale da mashi da ƙugiyoyi da igiyar fatsa a bakin ruwa ko a ƙarƙashin dutse, ba mai taɓawa. Fursunoni da matuƙa suka shiga kwashewa, domin matuƙan da za su koma Ingila suna sayen su a matsayin kayan tsaraba. Ƙugiyar da mace ta zauna ta goge daga ƙwanson dodon koɗi, igiyar da ta murza daga ɓawon itace, abincin 'ya'yanta ke nan, an ɗauke don a rataye a bangon wani a Landan. Phillip ya hana, ba a hanu ba. A Mayu 1788 aka tsinci gawar fursunoni biyu masu yankan ciyawar jinka, jami'an da kansu suka yi zargin ramuwa ce kan abin da aka yi wa mutanen. A Maris 1789 fursunoni 16 suka bar wurin aikin bulo suka nufi gaɓar Botany Bay da ke kudu da Sidni da sanduna don su ƙwace kayan kamun kifi, aka tare su, aka kashe ɗaya, aka raunata bakwai.

A 1791 aka kama wani fursuna ya saci kayan fatsar wata mata mai suna Daringa, matar wani ɗan Eora da ake kira Colebee. Phillip ya sa a yi masa bulala a gaban mutanenta don su ga adalcin Turawa. Daringa, wadda aka yi wa satar, ta fashe da kuka. Barangaroo, matar Bennelong, wanda shi ma ɗan Eora ne, ta ɗauki sanda ta yi kan mai bulalar. Na karanta wannan labari ban san iyaka ba, kuma har yau yana taɓa ni. Kayanta take so a mayar mata, ba ta nemi a tsaga bayan mutum a ɗaure ba.

Da aka juya kuwa, hukuncin ya sha bamban. Daga 1794 'yan kama-wuri-zauna, har da shi James Ruse, suka bazu a bakin kogin Hawkesbury, ƙasar mutanen Darug. Fadamar da suka share suka shuka masara ita ce inda mutanen ke haƙar doyar daji tun kaka da kakanni. Da masara ta nuna, masu ƙasa suka zo da raga da barguna suna karya, a wurin da suka saba samun abinci. A takardun Turawa sunan wannan sata. A 1795 Kyaftin William Paterson, mai riƙon gwamna, ya tura sojoji sama da 60, da umarnin su kashe wanda suka samu su rataye gawa don tsoratarwa, shi da kansa ya ba da rahoton an kashe bakwai ko takwas. Barrett ko ba komai an karanta masa laifinsa, an ji ta bakinsa. Waɗannan ba a kai su gaban kowa ba. A 1805 alƙali Richard Atkins ya ba da fatawar cewa ba za a karɓi shaidarsu a kotu ba, tunda ba su da rantsuwar da dokar Ingila ta sani. Ke nan in ka buɗe kundin kotu kana ƙirga ɓarayi, wanda aka sace wa kwalekwale da fadama ba zai fito a matsayin mai ƙara ba, sai jefi-jefi, in wani gwamna ya ga dama.

A 1804 Gwamna Philip Gidley King ya kira mutum uku daga cikin mutanen kogin ya tambaye su dalilin rikicin. Suka ce ba sa son a kore su daga 'yan wuraren da suka rage musu a bakin ruwa, inda nan kaɗai suke samun abinci. Suka ce kullum Turawa suka kama wuri sai su matsa gaba, in kuma suka ratsa ta gonar Bature sai a harbe su. King ya rubuta wa Landan cewa ya ga buƙatarsu daidai ce, ya kuma yi musu alkawarin ba za a ƙara yanka gonaki a ƙasan kogin ba. Bayan 'yan shekaru aka ci gaba da yankawa.